Madubin bindiga don farautar barewa: ƙaramar lambar ake fara dubawa

Tambaya: Kawu, barka da hutawa. Wata mai zuwa zan bar Jos, aiki ya kai ni jihar Pennsylvania ta Amurka na shekara biyu. Wani abokin aiki ya gayyace ni farautar barewa a gonar gidansu ƙarshen Nuwamba. Ya ce wurin rabi kurmi ne da tuddai, rabi gonakin masara, kuma iyakar inda ake iya hangowa kusan mita 300 ne. Zai ara mini bindiga mai harsashi samfurin .308, amma ba madubi a kanta, ni zan saya. Na ga iri uku: 3-9x40, 4-16x44 da 6-24x50. Raina ya fi kwanciya da na ƙarshen tunda ya fi jawo abu kusa. Tunda ka zauna can ka yi farauta, me ka gani?

Barka kadai ɗana, Allah ya sa a je a sa'a. Ka ɗauki 3-9x40 ɗin. Na san ba shi ka so ji ba, don ni ma ranar da na fara shiga shagon kayan farauta a can, idona kan mafi girma ya sauka. Amma tsaya ka ji dalili, don in mai shago ya so ya juya maka kai ka san abin da za ka ce masa.

Lambobin ba su da wuya. A 3-9x40, madubin yana jawo abu daga ninki 3 zuwa ninki 9, kana murza zoben da ke kusa da ido. Ita kuwa 40 faɗin gilashin gaba ce a milimita. Abin da ke mita 90, in ka sa a ninki 3 za ka gan shi kamar yana mita 30, a ninki 9 kamar yana mita 10. Duk sabon shiga babbar lambar yake kallo, 9 ko 16 ko 24. Wanda ya daɗe a kurmi ƙaramar yake fara tambaya, don a kanta madubin zai wuni.

Duk lokacin da ka ƙara jawowa, filin da kake gani ta cikin madubin yana tsukewa. Yawancin madubai 3-9x40 a ninki 3 suna nuna maka faɗin kamar mita 11 a nisan mita 100, a ninki 9 ya koma kamar mita 4 da rabi. Shi 6-24x50 ɗin da kake so, ko ka sauke shi ƙasa ƙurmus, wajen mita 6 yake nunawa, a ninki 24 kuwa bai kai mita 2 ba. To dawo da lissafin cikin kurmi, inda dabba za ta ɓullo maka a mita 25. Raba kowanne gida huɗu. Ninki 3 zai ba ka kusan mita 3, ka ga dabbar gaba ɗaya da itatuwan da ke gefenta da inda ta dosa. Ninki 6 zai ba ka mita ɗaya da rabi, ita kanta barewar ta cika shi. In ta yi taku biyu ta fice, sai ka shiga lalube da bakin bindiga kamar mai neman allura da daddare.

Abin ya taɓa cina, shi ya sa nake nanatawa. Shekarata ta biyu a can, na zauna tun asuba a bakin wata gonar masara da aka girbe. Na hango wasu barewa can ƙarshen gona, na murza madubi zuwa 9 ina kallonsu, suka shige daji ba tare da na sami dama ba. Wajen ƙarfe goma sanyi ya ishe ni, na tashi na bi ta cikin sarƙaƙiya zan koma mota. Ban yi tafiyar minti biyar ba sai ga namiji ya miƙe daga kwance, ƙaho reshe-reshe, tsakaninmu bai fi mita 25 ba. Ya tsaya yana kallona. Na ɗaga bindiga, abin da na gani cikin madubi gashi ne toka-toka kawai, ban san ko kafaɗa ba ne ko cinya ko bawon itace. Na manta ban mayar da zoben ƙasa ba. Kafin in ɗago kai in sake nemansa, sai farar wutsiya na gani tana lilo cikin itatuwa. Dabba ce da take gudun kusan kilomita 50 a awa, ba ta jiran kowa ya gyara zobe. A ninki 9 ke nan fa. Da 6-24 ne a hannuna, ko ban yi mantuwa ba kusan haka zan gani. Tun ranar na riƙe ƙa'ida ɗaya: madubi yana zama a kan mafi ƙanƙantar lamba, kullum. Dabbar da ke nesa tana ba ka lokacin ƙarawa, ta kusa ba ta ba ka lokacin ragewa.

Af, kafin in wuce. Barewa muke ce mata don ba mu da wani suna, amma ba dangin tamu ba ce. Barewarmu da gada da mazo da mariya da gwanki ƙahonsu ba ya faɗuwa har mutuwa, ba ya reshe. Ta can namijin ne kawai ke da ƙaho, mai rassa, yana zubarwa duk ƙarshen sanyi wani ya tsiro. A duk Afirka, sai a tsaunukan Atlas na Tunisiya da Aljeriya da Maroko ake samun irin wannan dangi na asali. A ɗabi'a mazo ta fi kama: tana son bakin kurmi, ta wuni a ɓoye, ta fito kiwo da jijjifi da almuru.

Wannan ɗabi'ar ita ta kawo mu maganar haske, kuma nan ne babban madubi yake yaudarar mutane. Dokar jihar ta ba da damar harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, kuma a waɗannan mintocin na duhu-duhu ne aka fi ganin dabba a bakin gona. Ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa can kafin biyar na yamma. Ka ɗauki madubi ka miƙa hannu da shi nesa da fuska, ka fuskanci haske. Za ka ga wani ɗigon haske a gilashin baya. Murza zoben sama, za ka ga ɗigon yana ƙanƙancewa. Ta wannan ɗigon ne duk abin da za ka gani yake shiga idonka, kuma faɗinsa lissafi ne mai sauƙi: faɗin gilashin gaba a raba da ninki. 40 a raba da 9 ya ba da milimita 4.4. 40 a raba da 6, kusan 6.7. Shi kuwa 50 a raba da 24, milimita 2 da ɗan ɗoriya. 44 a raba da 16 bai kai 3 ba. Ƙwayar idon saurayi irinka tana buɗewa har kusan milimita 7 a duhu, tamu ta tsofaffi da ƙyar take wuce 5. In ɗigon ya gaza buɗewar idonka, hoton zai dushe. Ke nan a daidai lokacin da barewa take fitowa, ninki 24 ɗin da ka biya kuɗi dominsa ba zai yi maka aiki ba, dole ka sauko wajen 7 ko 8. Ka sayi babbar riga ka naɗe ta ke nan. Jamusawa da suke zaman dakon gursunu da hasken farin wata sun daɗe da 8x56 da 6x42, kuma in ka raba za ka ga duka biyun 7 suke bayarwa cif.

Ƙaramin ɗigo yana da wata illa. Dole idonka ya zauna daidai tsakiyarsa, in ka goce kaɗan sai baƙi ya rufe gefe. A kan tebur a filin gwaji ba matsala. Amma kana sanye da riga uku da hular sanyi, ka karkace a gindin itace, wuyanka ya sage, nan za ka gane bambanci.

Sai rawar hannu. Madubi ba ya ƙara wa hannu rawa, nuna maka ita yake yi a ninke. A ninki 4, gicciyen da ke cikin madubin yana ɗan lilo a kan kafaɗar dabba, hankalinka kwance ka matsa kunama a hankali. A ninki 20 har bugun zuciyarka za ka gani, gicciyen yana tsalle daga wuya zuwa ciki. Abin da sabon maharbi yake yi a nan shi ne ya jira gicciyen ya gifta inda yake so ya fizge kunama, kuma fizgar nan ita ke kai harsashi ciki ko ƙafa. Dabba ta tafi da rauni ta mutu a inda ba wanda zai same ta, ga asara ga alhaki. Ka tuna kuma ka hau tudu kana haki, ga zumuɗin ganin nama.

Za ka ce to mita 300 ɗin fa? Inda ake nema a jikin barewa, wato huhu da zuciya bayan kafaɗa, faɗinsa kamar santimita 20 ne, misalin farantin cin abinci. A ninki 9, farantin da ke mita 300 kamar yana mita 33 ne, wajen sulusin filin ƙwallo. Je ka filin wasa na Rwang Pam ka tsaya a raga ka dubi sulusin fili, ka gaya mini ko faranti zai ɓace maka. Maharban ɓoye na Tarayyar Sobiyet a yaƙin duniya na biyu da madubi mai ninki 3.5 suka yi aiki. Bindigar M24 ta sojan Amurka ta yi shekaru da madubi mai ninki 10 tak, ana harbin mita 800 da ita. Abin da ke hana mutum samu a mita 300 ba ƙarancin gani ba ne. Harsashin .308 na farauta, in an saita shi a mita 100, yana faɗuwa wajen santimita 12 a mita 200, a mita 300 ya haura 40. Iska mai gudun kilomita 15 a awa in ta bugo daga gefe za ta ture shi kusan faɗin farantin nan. Ba ninkin da zai gyara maka wannan, sai sanin nisa da yawan gwaji. Ni a ganina shekararka ta farko kada ka wuce mita 150. Ka kafa faranti na takarda, ka harba daga zaune ko durƙushe da sandar dogarawa, ba daga tebur ba. Nisan da kake samunsa sau tara cikin goma, nan ne iyakarka, ko da madubin yana nuna maka gashin ido.

Hujja ɗaya ce mai ƙarfi da masu son babban madubi suke kawowa a jihar, kuma gaskiya ce. Tun 2002 akwai dokar ƙirga rassan ƙaho: a yawancin jihar sai namiji yana da aƙalla rassa uku a ƙaho ɗaya kafin a harbe shi, a wasu yankunan yamma ma ƙa'idar ta fi haka tsauri. Ƙirga rassa a mita 200 da almuru ba wasa ba ne. Amma maganin wannan tabarau ne na hangen nesa mai ido biyu, 8x42 ko 10x42, a rataye a wuya. Madubin bindiga ba na leƙe ba ne. Duk abin da ka leƙa da shi, ka nuna masa bakin bindiga ke nan, kuma ranar buɗe farauta dajin cike yake da mutane. Motsin da ka gani a sarƙaƙiya zai iya zama ɗan wani. Da tabarau ake tantancewa, sai an tabbatar sannan a ɗaga bindiga, a kuma san abin da ke bayan dabbar. Ni kaina laifi na yi ranar da na ba ka labari, da na zauna ina kallon gona ta madubi. Da tabarau na yi amfani, da zoben bai bar 3 ba.

Akwai ƙananan abubuwa da suke zuwa tare da babban ninki waɗanda mai shago ba zai faɗa maka ba. Madubin da ya wuce ninki 10 yawanci yana da wani ƙarin maɓalli a hagu na daidaita nisa, don in ba a daidaita ba, kana motsa kai gicciyen yana yawo a kan dabba. Irin 3-9 an riga an daidaita shi daga masana'anta a yadi 100 ko 150, ba ruwanka da shi. Da safar hannu a sanyin da ya sauka ƙasa da sifili, duk maɓallin da ka rage riba ce. Sanyin Jos na Disamba da muke ta kuka da shi, can sai ka ce bazara. Ga nauyi: 3-9x40 bai cika wuce giram 400 ba, 6-24x50 yana kai 700 ko fiye, kuma babban gilashi yana sa a ɗaga madubin sama, kuncinka ya bar gindin bindiga. Sannan ɗigogin da ake jerawa ƙarƙashin gicciye don harbin nesa, a yawancin madubin farauta ba sa zama daidai sai a ninki mafi girma. A naka 9 ke nan, wanda ake iya amfani da shi. Akwai irin da gicciyen ke girma tare da hoto, ɗigoginsa daidai ne a kowane ninki, amma in ka sauke shi ƙasa sai ya sirance kamar zaren gizo, ya ɓace cikin duhun kurmi. Ka nemi gicciye mai kaurin gefe da siririn tsakiya, shi ido yake saurin kamawa.

Ka kula da tazarar ido. Ka nemi mai santimita 9 zuwa 10 tsakanin gira da gilashi. A madubai da yawa tazarar tana raguwa in an ƙara ninki, kuma .308 tana hauri. Na ga wanda bakin madubi ya tsaga wa gira yana harbi sama a kan tudu, sai da aka yi ɗinki. In za a ɗaura, ka sa rigunan da za ka sa ranar, ka murza zuwa 9, ka rufe ido ka ɗaga bindiga yadda ta zauna maka, sannan ka buɗe. A matsar da madubin ya sami idonka, kada kai ka miƙa wuya ka bi shi.

Shi 4-16x44 ba zan ce haramun ba. Ninki 4 ana iya zama da shi a kurmi, shekara da shekaru mutane sun ci nama da madubi mai ninki 4 wanda ba ya ma murzuwa. Da jihohin yamma za ka irin Wyoming ko Montana, inda fili yake fetal kamar ka tsaya a Heipang ka hangi Barikin Ladi, shi zan ce ka ɗauka. Ko can ma in rana ta yi sama kawalwalniya takan sa a sauko da ninki, don madubi yana jawo rawar iska tare da dabbar, kamar yadda hazo yake yi mana nan in ka hangi tsaunukan Shere da tabarau a Janairu: dutsen ya matso amma bai ƙara fitowa ba. In kuwa ka je ka tarar gonar abokin naka kurmin ya fi yawa, 2-7x33 ya fi 3-9 ɗin ma. In aljihu da nauyi, 2.5-10x42 ko 2-10x42 ya haɗa maka duka biyun. Abin da ba na so shi ne ka ɗauki kuɗin da zai sayi 3-9 mai kyau ka sayi 6-24 mai araha. A farashi ɗaya, mai ƙaramin ninki kusan kullum ya fi kyawun gilashi, kuma kyawun gilashi da shafen da aka yi masa su ke ba ka ƙarin minti goma da almuru. Kamfanoni irin Leupold da Vortex da Burris duk suna da 3-9x40 na matsakaicin kuɗi. Ka tabbatar an rubuta ba ya shan ruwa kuma ba ya yin raɓa daga ciki, kada kuma ka yi tsumulmula wajen zobban ɗaurawa. Ranar sanyi kada ka huci gilashin baya, numfashi ɗaya ya isa ya rufe shi.

Tun kana nan akwai abin da za ka fara, ba sai da bindiga ba. Koyi ƙiyasin nisa. In ka fita wajen Rayfield ko hanyar Lamingo, ka zaɓi dutse ko itace ka ce mita kaza ne, sannan ka taka ka ƙirga. Za ka sha mamakin yadda ido ke ƙarya in akwai kwari ko kududdufin kuza a tsakani. Can da yadi suke magana, yadi 100 mita 91 ne.

Takardu kuma kada ka bari sai Nuwamba. Wanda ya shiga Amurka da bizar aiki ko karatu, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga, sai in yana da lasisin farauta mai aiki, don haka lasisi ne farko kafin ka taɓa ta abokinka ko a filin gwaji. Sabon mafarauci a jihar sai ya yi kwas na koyon ƙa'idojin farauta kafin a sayar masa da lasisi. Dole ka sa hula da riga ruwan lemo mai ƙyalli, jimlar inci 250 murabba'i a kai da ƙirji da baya. Ba a farautar barewa da raifal mai ɗura kanta a can, kuma a ƙananan hukumomin da ke kewaye da Philadelphia da Pittsburgh ba a yarda da irin .308 ba, sai ka tambayi inda gonar take. Lokacin bindiga yana buɗewa ranar Asabar da ke bin bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba. In Allah ya ba ka, ka yi bisimilla kafin ka matsa kunama, wuƙarka mai kaifi a ɗamara, in ka tarar da sauran rai ka yanka. Nan ma ƙaramin ninki zai taimake ka, don bayan haurin bindiga za ka ga ta inda dabbar ta shiga.

In shekara biyun ta cika, ka bar wa abokinka madubin tukwicin aron bindiga. Fitar da madubin bindiga daga Amurka sai da izinin gwamnatinsu, nan gida kuma ka san halin da Filato take ciki, ba abin da za a gani a jakarka a Abuja ba ne a tsaya jin bayani. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa raifal ɗin soja mai harsashi 7.62 cikin waɗanda aka haramta, kuma .308 tagwaye suke da 7.62 na NATO. Pandam da Yankari wuraren kallo ne, ba na harbi ba, gadar dutsen da ta rage mana a duwatsun Filato kuwa ba ta da yawan da za a taɓa. Tabarau ɗin dai ka dawo da shi, mu hau Shere tare in ƙafata ta yarda. Ka gaishe mini da babanka.